Autanmu ya ce matar Baba ta yi masa sammu, likita ya ce sinadarin ƙwaƙwalwa ne

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga wani ƙauye a ƙasar Babura ta Jihar Jigawa, a nan aka haife ni, a nan nake aure. Don Allah ki sakaya sunana. Maganar ƙanena ce, autan ɗakinmu, shekararsa 23. Yaro ne mai kazar-kazar, da damina yana gona da Baba, da rani ya tafi cirani. Bara waccan ya dawo ya canza. Ya daina zuwa majalisa, wai da shi ake. In wani ya yi tari a zaure sai ya ce alama ake yi wa juna a kansa. Ya ce da dare yana jin muryoyi biyu suna zancensa. Daga baya ya daina cin abinci ranar girkin matar Baba, ya ce ita ta yi masa sammu, tana zuba masa abu. Innarmu ta yarda da shi, gida ya rabu biyu.

An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, har aka kai shi wani gidan mari ya yi wata biyu a turu, ya dawo da miki a ƙafa. Sai baffanmu ya matsa aka kai shi asibiti. An gwada jininsa ba a ga komai ba, amma likita ya ce ciwon sunansa sikizofireniya, wai sinadaran ƙwaƙwalwarsa ne suka samu matsala. Aka ba shi ƙwayoyi. Cikin wata guda da 'yan kwanaki ya dawo hayyacinsa, har da shi aka yi girbi. Sai dai jikinsa ya yi nauyi, yana tafiya kamar an ɗaure shi, hannunsa na karkarwa, yawu na zuba. Da ya yi wata biyar Baba ya ce ya warke, maganin kashe masa jiki yake yi, ga kuɗi, a bari. Yau wata uku da barin, ya fara rashin barci, yana magana shi kaɗai, ya kuma dawo da zancen matar Baba. Baba ya ce aure za a yi masa ya nutsu.

Anti, mene ne wannan sinadarin? In da gaske ne, me ya sa bai fito a gwaji ba? In ba sammu ba ne, me ya sa ita kaɗai yake kira? Ina kuma tsoron kada 'ya'yana su gada.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma a wajen mikin ƙafar nan na tsaya na daɗe. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri da ba ki gaji da shi ba.

Zan fara da abin da ba ya jira. Rashin barcin nan da maganar da yake yi shi kaɗai, ciwon ne ke dawowa, kuma kada a bari ya kai inda ya kai da farko. Cikin satin nan a mayar da shi asibitin da suka gan shi, a tafi da katinsa da kwalin maganin da ya sha, ko da babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. In can ba ta yiwu ba, akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, wanda bai yi muku nisa ba, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen da ke kula da irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada wani ya je kyamis ya sayo irin maganin da ya sha a ɗora daga inda aka tsaya. Adadin da ya sha a baya shi ne ya sandarar masa da jiki, gyara yake bukata, kuma likita ne mai gyarawa.

To, sinadari. Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin wannan da waccan akwai 'yar rata da ido ba ya gani. In ɗaya za ta ba 'yar'uwarta saƙo, sai ta fesa wani ɗan ruwa cikin ratar, ta gaban ta karɓe shi ta wasu 'yan kafofi da ke jikinta. Wannan ruwan shi likita ya kira sinadari. Iri-iri ne, kowane da aikinsa, amma wanda ya fi shafar ƙanenki ana ce masa dofamin.

Ki tuna mai shelar garinku. Ba kullum yake fita ba, sai in masu rigakafi sun zo, ko akuyar wani ta ɓata, ko dagaci na kira. Da an ji muryarsa mata su tsayar da daka, maza su yi shiru a majalisa, don an san ba ya ɗaga murya a banza. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan dofamin ke nan. Abu dubu ne ke wucewa ta idonki da kunnenki a wuni guda, kukan kaza, tarin maƙwabci, wucewar babur, ba ki ma san kin gani ko kin ji ba. Sai wanda dofamin ya yi wa shela, ya ce wannan da muhimmanci, wannan ya shafe ki, shi hankalinki ke kamawa.

A wannan ciwon, wani sashe da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa yana haɗa dofamin fiye da kima, yana kuma sakinsa ba a lokacinsa ba. Tun shekarun 1990 ake ganin haka a wani hoton ƙwaƙwalwa na musamman da masu bincike ke ɗauka. Wato mai shela ya fito yana ta "ku saurara, ku saurara" a kan komai. Wani ya yi tari a zaure, shela. Samari biyu sun yi dariya a bakin masallaci, shela. An miƙo kwanon tuwo da ɗan baƙin abu a gefen miya, shela. Shi kuwa ƙanenki, a cikin jikinsa yake jin cewa tarin nan da ma'ana, dariyar nan da shi ake, ji mai ƙarfi irin wanda kike ji in an kira sunanki a kasuwa. Muryoyin ma ba ƙarya yake yi ba. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwon a daidai lokacin da suke jin murya, aka ga sashen da ke aikin ji da magana yana motsi. Zancen zuci ne irin wanda kowa ke yi, amma ya rasa alamar da ke nuna nasa ne, sai ya zo masa kamar daga bayan danga.

Yanzu ki sa kanki a matsayinsa. Wata da watanni komai na duniya yana yi maka nuni, kowa kamar ya san wani abu a kanka. Hankalin ɗan Adam ba ya iya zama da irin wannan babu dalili, dole ya nemo wanda zai ɗora wa. Kuma ba ya zuwa nesa, abin da ke kusa yake ɗauka. Wanda ya tashi a Landan sai ya ce 'yan sanda ne suka dasa masa na'ura a ɗaki. Ɗan kasuwa ya ce abokan hamayyarsa ne. Yaron da ya tashi a gidan da ake da kishiyoyi, yana jin ƙananan maganganu tun yana goye, wa kike zaton zai kira? Ciwon ne ya kawo tsoron, gidan kuma ya ba shi suna. Abin da ya sa ita kaɗai yake kira ke nan. Da babu ita a gidan, da ya kira maƙwabci, ko baffanku, ko ke.

Ni Musulma ce, ban musa akwai sihiri ba, ban musa akwai aljanu ba. Amma ki duba abin da ya faru a gabanku. Rubutu, hayaƙi da turu sun yi watanni, yaro bai dawo ba. Ƙwaya ta yi wata guda da 'yan kwanaki, ya ɗauki lauje ya shiga gona, alhali matar Baba tana nan cikin gidan tana girkinta. An janye ƙwaya, zargi ya dawo. Zargin yana bin magani ne, yana tafiya in an sha, yana dawowa in an bari. Maganar da ciwo ya sa a bakin mara lafiya ba ta isa hujjar da za a ɓata sunan mace da ita a gari ba, kuma Allah Ya gaya mana a Suratul Hujurat cewa wani sashe na zato zunubi ne. Wannan ya dame ni ƙwarai, don na san yadda kalmar "ta yi masa asiri" ke bin mace a ƙauye har 'ya'yanta mata su rasa manema.

Yadda aka gano hannun dofamin a ciki ma ta wajen magani ne. A 1952 likitoci a Faris ta ƙasar Faransa suka gwada wani magani, wanda a nan aka fi sani da Largactil, a kan marasa lafiyar da aka kulle shekara da shekaru, suka ga muryoyi na lafawa. Ba su san dalili ba a lokacin. Sai daga baya wani masani ɗan Suwidin, Arvid Carlsson, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya nuna cewa irin waɗannan magungunan kafofin karɓar dofamin suke toshewa. Aka kuma lura cewa ƙwayoyin amfetamin, masu tunzura dofamin, suna sa mai lafiya garau ya fara zargin ana bin sa in ya sha da yawa.

A nan amsar Baba take, don haka ki riƙe ta da kyau. Maganin bai kori mai shela ba. Kunnuwan masu sauraro ya toshe, shelar ta daina isa da ƙarfi. Mai shela yana nan yana ihunsa a bayan fage. Shi ya sa samun sauƙin da kuka gani a wata na biyu alama ce ta magani yana aiki, kuma shi ya sa da aka cire toshiyar ihun ya sake cika gari. Mun saba da maganin zazzaɓin cizon sauro, a sha kwana uku a kashe ƙwayar cuta a jefar da kwali. Wannan ya fi kama da maganin hawan jini. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, inda aka ga cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka janye wa magani, amma kashi 27 kacal na waɗanda suka ci gaba da sha. Ko wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya tak ana so ya yi aƙalla shekara guda yana sha bayan ya dawo daidai, kuma in za a rage, a hankali likita ke ragewa. Wanda ya dawo wa karo na biyu, kamar ƙanenki, shekaru ake magana. Kowace dawowa kuma tana iya barin tabo, ta sa sauƙin gaba ya fi na baya jinkiri.

Amma Baba bai yi ƙarya ba da ya ce maganin ya kashe masa jiki. Ya ga ɗansa mai ƙarfi yana tafiya kamar tsoho, yawu na zuba a gaban mutane, wane uba ne ransa ba zai ɓaci ba? Dalilin shi ne dofamin ba shela kaɗai yake yi ba, shi ne kuma ke sa motsin jiki ya yi laushi, kamar man da ake ɗiga wa keken ɗinki. Masu ciwon karkarwa na tsufa, wanda ake kira Fakinsan, ƙarancin dofamin ne ke damunsu. Ƙwayar da ya sha ba ta san sashen shela daban da sashen motsi ba, duka take toshewa. Masu bincike sun auna abin: in an toshe kusan kashi 65 cikin 100 na waɗannan kafofin, muryoyi da zargi sukan fara lafawa, in kuwa toshiyar ta doshi kashi 80, sai sandarewa da karkarwa su shigo. Kin ga tsakanin inda magani ke amfani da inda yake takurawa ba wata tazara mai yawa ba ce, ragin rabin ƙwaya kan iya raba su. Da an koma an ce likita ga yadda yaron nan yake tafiya, da ya rage adadi, ko ya ƙara masa Artane mai sassauta jiki, ko ya sauya masa zuwa irin su risferidon ko olanzafin, waɗanda sandarewarsu ba ta kai ta tsofaffin magungunan ba. Su ma da nasu, musamman olanzafin mai sa yawan ci da ƙiba, har a riƙa duba suga. Artane ɗin nan kuwa a hannunki ko hannun baffanku za a ajiye shi, don irinsa ne samari ke sha a matsayin ƙwayar maye da sunan Exol, kuma abokai za su iya roƙonsa.

Ki tambayi likita zancen allura. Akwai wadda ake yi sau ɗaya a sati biyu zuwa huɗu, kamar Modecate, tana narkewa a hankali cikin jiki. Ga gidan da ake jayayya a kan haɗiyar ƙwaya kullum, ita ta fi sauƙi, kuma in ya tsallake kowa zai sani. In aka gwada magani biyu yadda ya kamata ba a dace ba, akwai wani mai suna kulozafin, sai dai shi yana bukatar gwajin jini a kai a kai. Abu biyu kuma ku sa ido a kansu in ya koma sha. In wuyansa ya karkace ko idanunsa suka kafe sama, ba aljanu ne suka tashi ba, illar magani ce, allura ɗaya ke warware ta cikin mintuna. In kuwa zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da ruɗewa, a tsayar da maganin a nemi mota a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Gwajin jini da kika tambaya ba don a ga dofamin aka yi shi ba. Abin yana faruwa ne can cikin 'yan ratar nan na ƙwaƙwalwa, jinin da aka ɗiba a hannu ba ya nuna shi, hoton kai na yau da kullum ma ba ya nunawa. An gwada ne don a tabbatar ba wata cuta ce ta daban ta ruɗa shi ba. Shi wannan ciwon da labari ake gane shi, da abin da mutum ke ji da yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, haka ake yi a Kazaure, haka ake yi a Amurka. Kuma dofamin ba shi kaɗai ba ne a lamarin. Akwai wani sinadarin, gulutamet, wanda shi ma aikinsa ke raunana, ga kuma gaban ƙwaƙwalwa, wajen tsara aiki da niyya, inda alamu ke nuna dofamin ɗin raguwa yake yi maimakon ƙaruwa. Na kawo miki wannan ne don wata rana muryoyi za su tafi, amma ki ga ƙanenki zaune a gindin bishiya ba ya son wanka, ba ya son hira, fuska babu walwala. Za a ce lalaci ne. Wani ɓangare ne na ciwon, kuma shi ƙwaya ba ta cika taɓa shi sosai ba. Abin da ke taimaka masa shi ne ɗan aiki na kullum wanda bai fi ƙarfinsa ba: ba dabbobi ruwa, rakiyar Baba gona da sanyin safiya, cirar zoɓo. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ba ki ce yana shaye-shaye ba, ni ma ban ce ba. Amma tunda ya yi zaman cirani, wani wanda yake jin nauyinsa ya tambaye shi a keɓe. Wiwi tana ƙara haɗarin kamuwa da wannan ciwon ga wanda jikinsa ke da shirinsa, tana kuma tayar da shi bayan ya kwanta. In yana sha, likita ya sani.

Maganar Baba kuwa, kada ki tunkare shi da "kun yi kuskure". Uba ba ya son 'yarsa ta gyara masa zance a gaban matansa. Baffanku da ya matsa aka je asibiti tun farko, shi za ki fara samu, ki karanta masa wannan, ku nemi limamin gari ko mai unguwa in da hali. A ce wa Baba abin da ya gani a jikin yaron gaskiya ne, likita na da gyaransa, kuma shi ake so ya je ya faɗa wa likitan da bakinsa. In akwai dattijon da ke shan maganin hawan jini a garin, a kafa misali da shi. Batun kuɗi ma a yi shi a fili. Tsofaffin magungunan nan suna cikin masu araha, ku gaya wa likita ƙarfinku kada ku ji kunya. Da kaka a ware wani abu daga riɗi ko gero, ko a sa tunkiya ɗaya da sunan maganinsa, don kada a zo tsakiyar bazara rumbu ya yi ƙasa a ce a ɗan dakata. A lissafa abin da aka kashe a hayaƙi da gidan mari, za a ga ya sayi maganin watanni masu yawa.

Turu kam, ƙanwata, kada a sake. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke gaya masa ana son cutar da shi, in aka ɗaure shi aka doke shi, an tabbatar masa da abin da yake tsoro, kuma da hannun danginsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irinsu haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Kafin doka ma addininmu ya riga ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda mala'iku ba sa rubuta masa laifi, mu a wane dalili za mu hukunta shi? Addu'a da karatun Alƙur'ani a ci gaba da yi masa, su kwantar masa da zuciya, babu inda suka yi karo da ƙwaya. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka tun 1954 a Aro kusa da Abekuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna shan maganin asibiti, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Sharaɗin kawai shi ne babu duka, babu hayaƙin da ke shaƙe mutum, babu kuma malamin da zai ce a ajiye magani.

Aure ba ya rage dofamin. Hidimar biki, rashin barci, nauyin ciyarwa da sabon mutum a ɗaki, duk abubuwa ne da ke tayar da ciwon ga wanda bai daidaita ba, sannan a jefa 'yar mutane cikin abin da ba ta sani ba. Ban ce ba zai yi aure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku masu wannan ciwon kan warware sarai, wasu da yawa kuma suna noma, suna kasuwa, suna riƙe da iyali alhali suna shan magani. Ya samu shekara ɗaya ko biyu a tsaye tukuna, yana aikinsa, sannan a nemi wadda za a gaya wa gaskiya ita da iyayenta kafin a kai kuɗi.

'Ya'yanki kuma ki kwantar da hankalinki. Akwai gado a ciki, amma ba irin gadon gona ba ne da dole sai ya sauka a kan wani. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa. Ga 'ya'yan 'yar'uwar mai ciwon, kamar naki, bai kai 5 cikin 100 ba. Tagwaye ma masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan lafiya lau yake ƙare rayuwarsa. Ki tsare su daga wiwi in sun tasa, in kuma kin ga wani ya fara janye jiki da zargin mutane, kin riga kin san hanyar asibiti.

Akwai abin da ba na son faɗa amma dole ne. Kusan 5 cikin 100 na masu wannan ciwon da hannunsu suke ajalin kansu, kuma samari a shekarun farko na ciwon sun fi shiga haɗarin, har ma a lokacin da suka fara dawowa hayyacinsu suka ga abin da ya same su. A gidan manomi kuwa guba ba ta da wuyar samu. Yau ɗin nan a kwashe fiya-fiya da maganin ciyawa da na feshin wake a kulle su a wani gidan. In ya ce ya gaji da duniya, ko muryoyin suna umartarsa ya yi wani abu, kada a bar shi shi kaɗai, kuma ranar za a tafi asibiti.

A cikin gida, kada ku yi musu da shi a kan abin da yake ji, ba za ku ci nasara ba, shelar ta fi muryarku ƙarfi. Kada kuma ku gaskata masa. In ya ce an zuba masa abu, ki ce, "Auta, na san kana jin tsoro, ni ban ga haka ba, amma zo mu ci nawa tare." A rage faɗa da gori da taruwa a kansa, don tun shekarun 1960 aka lura a Ingila cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan kushe mara lafiya. Kada kuma a kuskura a daka masa ƙwaya a fura a ɓoye. Yaron da ke zargin ana zuba masa abu a abinci, ranar da ya gane an zuba, ba zai ƙara yarda da kowa ba, har ke.

Saura Inna da matar Baba. Inna uwa ce, ta ga ɗanta na lalacewa, an ba ta suna ta riƙe. Ba da gardama za ki karɓe shi daga hannunta ba. Ku tafi da ita asibitin, ta zauna a ɗakin jira ta ga sauran iyaye mata, ta ji wannan ɗanta maƙwabci yake zargi, waccan 'yarta miji take zargi, wancan mahaifiyarsa ta cikinsa yake kira mayya. Ta tambayi likita da kanta. Ita kuwa matar Baba, shekara biyu ke nan tana kwana da wannan kalmar a kanta, ƙila babu wanda ya taɓa shiga ɗakinta ya ce mata komai. Kafin ku kama hanya, ki shiga ki gaishe ta, ki gaya mata abin da likita ya ce, ki ba ta haƙuri a madadin ɗan'uwanki. Ki roƙe ta ta ɗan ja jiki daga gare shi na 'yan makonni har magani ya kama, abincinsa ya riƙa fitowa daga hannun Inna. Ranar girkin matar Baba kuma ki zo gidan, ki ɗauko tabarma ki shimfiɗa a tsakar gida inda shi da Inna za su gani, ku ci tuwon a kwano ɗaya ke da ita. Kada ki ce masa komai.